Fuskar Mamaci a Kasuwar Gashua

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku duka, ban amsa ba ne don hannuna yana kan rubutu. Wadda ta ce in na taɓa Kalli za ta daina karantawa, ki yi haƙuri, ki zauna tukuna.

*

Tun kafin motar ta gama tsayawa a tashar Gashua Fanne ta diro.

"Ke baiwar Allah, za ki karye!" in ji kwandasta.

Ba ta waiwaya ba. Ta tattare zaninta ta kutsa cikin kasuwa, tana ture masu baro da masu talla.

Da hantsi, can gida a Nguru, ta dawo daga ɗebo ruwa ta tarar da Gogo ita kaɗai a bakin murhun banda tana juya kifi.

"Gogo, ina Kalli?"

"Babagana direba ya ɗauke shi. Wai ɗan dakonsa bai zo ba, gishiri za su sauke a Gashua su dawo."

Jarkar ta suɓuce daga kan Fanne.

Gogo ta san su biyun ba 'yan wannan duniyar ba ne. Ita ta tsince su a bakin fadama, daminar da ruwa ya ci gonaki. Ita ta sa musu suna, ta koya musu cin tuwo da hannun dama, da durƙusa wa manya. Abu ɗaya ne Fanne ba ta taɓa gaya mata ba: inda Kalli ya samo fuskarsa.

Iskar duniyar nan ƙona ainihin fatarsu take yi, dole sai sun sa siffar ɗan Adam. Fanne ta daure wa zafin. Ta laɓe a bayan tashar jirgin Nguru, ta ɗauki ido a wurin wata, hanci a wurin wata, har ta haɗa fuskar da ba ta kowa ba. Ƙaninta bai iya daurewa ba. A inda suka faɗo, cikin ciyawar kacalla a bayan ƙauyen Dagona, an bar wani mutum kwance a ruwa. A can garinsu, jikin da mai shi ya fita daga cikinsa kamar tsohuwar riga yake, kowa na iya ɗaukar samfurinsa. Kalli ya kwafe shi kaf, har da lotsawar da ke ƙeyarsa, a zatonsa haka kan mutane yake.

Sai da Fanne ta zauna a gidajen makoki na Nguru ta gane ɓarnar da suka yi. A nan kowace fuska tana da uwa.

Tun daga nan ta hana shi nufar gabas, wajen Dagona da Gashua. Ga shi yau mota ta kai shi.

Kukan ta fara ji kafin ta gan su.

A bakin layin 'yan gishiri mutane sun yi da'ira. Kalli yana tsakiya, buhu a ƙasa kusa da ƙafarsa, wata tsohuwa siririya ta cukwikwiye masa riga da hannu biyu.

"Mahfuz! Mahfuz ɗana! Ina ka shiga?"

"Sannu, Iya," Kalli ya ce, yana murmushi. "Sunana Kalli."

"Wallahi shi ne," wani masunci ya ce. "Ɗan Iya Safiyatu ne, wanda ruwa ya ci."

"Ba a ga gawarsa ba dama."

"Ikon Allah!"

Tsohuwar ta kama fuskarsa tana shafawa, kumatu, gira, kunne, kamar makauniya.

Fanne ta ratsa mutane ta durƙusa gabanta.

"Iya, ki yi haƙuri. Ƙanina ne. Daga Nguru muke. Kama ce kawai."

"Ke wace ce?"

"Yayarsa ce."

"Ni ban haife ki ba." Tsohuwar ta ɗora yatsa a kan girarsa ta hagu. "Wannan tabon ƙugiya ce ta kama shi yana goye, ni na cire ta da haƙorina. Kama ce ta yi masa wannan?"

Fanne ta riƙo hannun Kalli.

"Tashi mu tafi."

"Ya Fanne, ban gama sauke gishirin ba."

"Na ce mu tafi!"

"Ba inda za shi," in ji wata mai shinkafa, ta tare hanya da jikinta. "A kira Abdussalam. Yana rumfar kifi. Ai shi ne yayansa, ɗan wan ubansa, tare suka tashi. In shi ne zai gane shi."

Ba a daɗe ba aka buɗa masa hanya. Ƙato ne, rigarsa duk ɓawon kifi, wuƙar fawa a hannunsa ko ajiyewa bai yi ba. Samari uku na rumfarsa suna biye da shi.

"Wai mene ne ake ta—"

Sai idonsa ya sauka a kan Kalli. Fuskarsa ta koma kamar toka.

Kalli ya dube shi, ya karkata kai, sai ya washe baki.

Fanne ta dubi ƙaninta. Ta san wannan murmushin. Kalli ya koyi dako, ya koyi shan shayi, ya koyi zama gaban talabijin ɗin mai shayi yana kallon katun ɗin wasu korayen halittu masu eriya a ka da aka ce wai daga sama suka zo, yana dariya har da hawaye. Abu ɗaya ne ya gagare shi koyo, ƙarya.

"Na san ka," ya ce. "Kai ne mai filafilin tuƙa kwalekwale."

"Kalli, rufe bakinka."

"Shi ne, Ya Fanne. Kin manta? Ranar da ruwa ya cika."

"Wane filafili?" Iya Safiyatu ta tambaya. Muryarta ta yi sanyi.

Fanne ta matse masa hannu har ta ji ƙashi. Bai gane ba. Ya sa ɗaya hannun ya cire hularsa, ya juya ƙeya ga jama'a.

Wata mata ta yi salati.

"Nan ya buga," Kalli ya ce, yana shafa lotsawar. "Suna cikin kwalekwale suna faɗa a kan wurin kafa dumbar kama kifi. Ya ce wurin na ubansa ne. Ya buga, ya ƙara bugawa. Da ya daina motsi sai ya tura shi ƙarƙashin kacalla, ya danne da filafilin."

"Ya tura wa?"

"Mai wannan fuskar."

"Allah sarki," wani dattijo ya ce a hankali. "Dukan ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kansa yake ba da labari kamar wani."

"Ƙarya ne!" Abdussalam ya daka tsawa. "Wannan ba Mahfuz ba ne! Mahfuz ya mutu!"

Kasuwar ta yi tsit a wannan layin. Har mai injin niƙa na gefe ya kashe inji.

Iya Safiyatu ta saki rigar Kalli. Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci ƙaton.

"Ya aka yi ka sani?"

"Iya..."

"Kai ka ce mana ranar kana Dapchi cin kasuwa. Kai ka ce ko ganinsa ba ka yi ba. Kai ka shiga kwalekwale kana kuka kana nemansa tare da mutane. Ni uwarsa har yau ban yarda ya mutu ba. Kai ya aka yi ka sani?"

Abdussalam ya ja da baya. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Idanun mutanen Dagona da suka zo cin kasuwa duk suna kansa.

"Fatalwa ce!" ya ƙwalla ihu. "Jama'a, maye ne ya shigo da siffar mamaci! Ku dubi idonsa! Tun ɗazu ya ƙifta? Ita da shi duk mayu ne! Ku kama su!"

Bai jira kowa ba ya afko.

Fanne ta ture Kalli baya ta tari ƙaton da kafaɗa. Suka yi karo, ya tafi taga-taga ya faɗa kan tulin buhuna. Mutane suka yi baya da ihu. Mace ce ta tunkuɗe Abdussalam kamar kwalin da babu komai a ciki.

"Kun gani? Kun gani?" yana faɗa daga ƙasa. "Mutum ce wannan?"

Na farkon samarin ya zo da gora. Ta sauka a gadon bayanta, ta tsage gida biyu. Fanne ba ta ko durƙusa ba. Ta juya ta kama wuyan hannunsa. Niyyarta ta ƙwace gorar ne kawai. Sai ta ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Saurayin ya zube yana kururuwa, hannun na lilo ta inda babu gaɓa.

"Ta karya shi! Ta karya Hizbullahi!"

Dutsen sikeli ya taho daga wani wuri ya same ta a kunne. Duniya ta juya mata. Wani ya fizge mata mayafi, wani ya daki gwiwarta da itacen rumfa. Ta faɗi da hannu ɗaya, ta tashi, ta damƙi na biyun a wuyan riga ta maka shi da teburin mai gishiri. Teburin ya rabe. Gishiri ya watsu ko'ina.

"Ku bari! Ku bari don Allah!" Babagana direba ne ya shigo da hannuwa sama. "Na san su! A unguwarmu suke a Nguru, gidan Gogo mai banda! Yaron nan ko sauro ba ya kashewa!"

Sanda ta fasa masa baki. Ya zauna daɓas, jini na zuba ta tsakanin yatsunsa.

Fanne ta ji fatar aron ta fara yi mata ƙunci. Can ƙarƙashinta ainihin jikinta yana motsi, yana neman hanya. Da za ta sake shi, babu mai sanda ɗaya da zai fita daga layin nan da ƙafarsa. Ta san haka sarai. Ta kuma san yanzun nan Babagana ya faɗa wa kasuwa guda sunan gidan da suke kwana. Kafin la'asar za a isa ƙofar Gogo da fetur.

Ta cije leɓe. Ta riƙe kanta a ciki.

Na ukun ya shaƙo ta ta baya. Tana kokawar ɓamɓare shi ta hango Kalli. Yana tsaye inda ta bar shi, hularsa a hannu, yana kallon dukan da ake yi mata kamar wanda aka yi wa magana da yaren da bai sani ba.

"Kalli, gudu!"

"Ya Fanne, me muka yi musu?"

"Ka gudu na ce!"

Abdussalam ya riga ya miƙe. Ya zagayo ta bayan buhuna a sunkuye.

Fanne ta yi wurgi da wanda ya shaƙe ta. Ta makara.

Wuƙar ta shige ƙarƙashin haƙarƙarin Kalli har ƙota.

Bai yi ihu ba. Ya dubi cikinsa, ya dubi Abdussalam.

"Ka ƙara yi," ya ce, cikin mamaki.

Ƙafafunsa suka lanƙwashe.

Kafin ƙaton ya zare wuƙar Iya Safiyatu ta faɗo a tsakaninsu. Tsohuwar da iska ke iya kayarwa ta kafa masa haƙora a dantse har ya saki ƙotar. Ta zube a kan Kalli, ta warware mayafinta baƙi mai kauri ta lulluɓe shi daga ƙirji zuwa gwiwa, ta cusa hannunta a ƙarƙashi ta danne raunin.

Masunta huɗu suka rufar wa Abdussalam. Suka kai shi ƙasa, wani ya murɗe masa hannu ta baya, wani ya taka masa wuya.

"Ka kashe shi sau ɗaya bai ishe ka ba?"

"Ku sake ni! Ba mutum ba ne! Na taɓa jikinsa, sanyi ƙalau kamar kifi!"

Fanne ta rarrafo. Kunnenta na ƙara, ƙafarta ɗaya ba ta ɗaukarta. Ta ɗan ɗaga gefen mayafin daidai inda jikinta ya kare idon mutane.

Jinin yana bulbulowa ta gefen wuƙar. Shuɗi ne mai duhu, kamar ruwan baba a marina. Ya rina hannun tsohuwar har wuyan hannu.

Ta ɗago kai.

Iya Safiyatu tana kallonta. Ta riga ta gani.

Fanne ta saki mayafin. Ta jira ihun.

Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Hawayen ma sun tsaya.

Jama'a sun rabu biyu. Mutanen Dagona suna cewa a ɗaure Abdussalam a kai shi hukuma. Waɗanda suka ga yadda hannun Hizbullahi ya karye suna cewa a kawo taya. Wani ya riga ya ruga wajen masu sayar da fetur a kwalba.

"Ku buɗe shi!" Abdussalam na faɗa, bakinsa cike da ƙasa. "Ku ɗaga zanen ku gani! In mutum ne ku yanka ni a nan!"

"Gaskiya ne, a buɗe."

"A buɗe mu gani!"

Wani saurayi ya miƙo hannu.

"Wanda ya taɓa mayafin nan ban yafe masa ba duniya da lahira," Iya Safiyatu ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, amma hannun ya koma.

"Ɗana ne. Ni na yi naƙudarsa, ni na shayar da shi. An kashe min shi a ruwa Allah ya dawo min da shi, an sake soke shi a gabana, yanzu kuma tsiraicinsa kuke so ku kalla a tsakiyar kasuwa? Mai son ƙona shi ya zuba min fetur ɗin tukuna. Ga ni."

Ba wanda ya motsa. Mai kwalbar fetur ya tsaya a bayan mutane, ya sauke hannunsa.

Tsohuwar ta sunkuyar da kai kamar mai yi wa ɗanta addu'a. Bakinta ya zo daidai kunnen Fanne.

"Ku mene ne?"

"Baƙi ne mu, Iya. Daga nesa. Wallahi ba mu cuci kowa ba."

"Ina ɗana?"

Fanne ta amsa a hankali.

"Yana inda aka tura shi."

"Kuna kallo?"

"Ranar muka zo. Ba mu san mene ne duka ba. Ba mu san mene ne mutuwa a wurinku ba."

Hannun da ke ƙarƙashin mayafin bai saki raunin ba.

"Ya sha wuya?"

"A'a, Iya. Nan take ya—"

"Bai mutu nan take ba," Kalli ya ce. Muryarsa ta zama siririya. "Da mai filafili ya tafi ya ɗago kansa. Yana ta cewa Iya. Na zauna kusa da shi har ya yi shiru."

Tsohuwar ta rufe ido. Wani sauti ya fito daga ƙirjinta, gajere, kamar an taka ta. Mutanen da ke tsaye suka ɗauka kukan raunin ɗanta take.

Da ta buɗe idon babu ruwa a ciki.

"Wannan wuƙar za ta kashe shi?"

"In an cire ta a ɓoye aka sa shi cikin ruwa, zai tashi," Fanne ta ce. "In aka kai shi asibiti, shi ke nan."

"To saurara. Zai bi ni Dagona yau. Akwai ruwa a bayan ɗakina, ni zan yi jinyarsa. In ya tashi zai kai ni wurin, in kwaso abin da ya rage na ɗana a yi masa sutura kamar kowane Musulmi. Sannan zai tsaya gaban mai gari da wannan fuskar, da sunan Mahfuz, ya faɗi abin da ya faɗa a nan."

"Iya, bai iya ƙarya ba. Tambaya ɗaya za a yi masa ya tona kansa."

"Ni zan koya masa."

"Dangin Abdussalam suna can. Za su ƙarasa shi."

"Sun ƙarasa nawa."

"To in biyo ku."

"Ke kin karya ɗan mutane a gaban kasuwa. In kika taka Dagona, da ke da shi da ni za a haɗa a ƙona. Ki koma inda kika fito."

"Ƙanina ne, Iya. Shi kaɗai gare ni a duniyar nan."

"Ni ma shi kaɗai gare ni. Kuka ɗauki fuskarsa kuka bar min shi a ruwa."

Da'irar ta sake buɗewa. Wakilin sarkin kasuwa ne, dattijo mai farin gemu, ya iso yana dogara sanda. Ya dubi Abdussalam a ƙasa, ya dubi mai karyayyen hannu, ya dubi Babagana da ke tofar da jini. Sannan ya tsuguna a gefen Kalli.

"Safiyatu, ni ba yaro ba ne, kin san ni. Ba tsiraicinsa nake nema ba. Ɗaga in ga raunin, in san ko mota za a kira ko likita. Rai ne."

Ya kama gefen mayafin da yatsu biyu.

Iya Safiyatu ta danne ɗaya gefen da gwiwarta. Ba ta dubi dattijon ba. Fanne take kallo.

"In na ce gida zan kai ɗana, ba mai hana ni," ta raɗa. "In kuma na yi shiru, zai ɗaga."

Kalli ya lalubo yatsun Fanne ya riƙe. Hannunsa ya fara saki.

"Ki zaɓa, 'yar nan," tsohuwar ta ce. "Hannuna ya fara gajiya."